Inda Makara Ta Kasa Juyawa

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda kina zaune lafiya a Kaduna, kin tarar da kawunki da iyalinsa ƙalau, gajiyar hanya kuma ta bi lafiya. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki, Ya raba ki da sharrin baƙunta. Na ba mahaifiyarki ta cusa miki ita cikin jaka, domin na san in na zaunar da ke a zaure, ke za ki sunkuyar da kai kina "to Baba, to Baba," ni kuma sunan mahaifiyata da kike ɗauke da shi ya ɗaure mini harshe. Mutum ba ya yi wa uwarsa faɗa ido da ido. A takarda kuwa zan iya, kuma zan yi.

Maganar da kika faɗa mini ranar da ruwa ya shiga ɗakin Gwaggonki Lami ita ta hana ni sukuni. Ke kika zana mata sabon kicin da banɗaki, aikinki na farko tun da kika gama karatun zanen gine-gine. Ruwan farko na damina ya sauka, maimakon ya bi kwata ya fita, sai ya gangara ya shige ɗakinta ya jiƙa darduma da buhun gari, saboda daɓen tsakar gidan ya karkata ciki. Kika dawo gida idonki jawur kika ce mini, "Baba, ni wanga aiki ba nawa ba ne. Kaina sama yake tahiya, ba ni ganin abin da ke ƙasa. Zan je Kaduna don kada in ba ka kunya, amma in watannin gwaji suka ƙare zan dawo in nemi koyarwa." Raina ya ɓaci ƙwarai a lokacin, kuma ba ruwan Lami ne ya ɓata shi ba. Jin kin yanke wa kanki hukunci ne ya yi mini zafi. Kamfanin da ya ɗauke ki zai ɗora ki a kan ginin ƙaramin asibiti, ke kuma kin tafi da niyyar gudu a cikin jaka. Ita nake so ki fitar ki yar.

Cewa kanki sama yake tafiya, wannan gaskiya ne, ba zan yi miki daɗin baki ba. Tun kina ƙarama in aka aike ki sayen gishiri, sai ki dawo da bayanin yadda ya kamata a sake tsara kasuwar gaba ɗaya, 'yan nama nan, 'yan hatsi can, gishirin kuwa babu. Takalman da kika baro a Islamiyya sun isa a buɗe shago. Mahaifiyarki kan dube ni ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni kuma in yi kamar ban ji ba. Gaskiyarta ne. A wurina kika gado wannan kai, kuma ni ya taɓa kai ni inda ke bai kai ki ba.

Kin san ni magini ne ɗan magini, amma akwai labarin da ban taɓa ba ki ba, mutanen unguwa ma sun daina tayar da shi don girmamawa. Ina saurayi, lokacin da kakanki ya fara kasa hawa gini, wani dillalin hatsi a Babbar Kasuwa mai suna Alhaji Sada ya ba ni aikin sake masa zaure da shigifa. Buƙatarsa ɗaya ce: baƙon da ke zaune a zaure kada ya hangi cikin gida. Ni kuwa da na ji haka sai kaina ya tashi. Na ga zaure mai bakan gizo, haske na saukowa daga sama, sanyi kamar bakin rijiya, zanko a kan soro da za a hango tun daga bakin titi. Hanyar shiga gida kuma na lanƙwasa ta har sau biyu, siririya, don in nuna wa Katsina cewa ko iska sai ta yi sallama kafin ta shiga gidan Alhaji Sada.

Ana cikin aikin kakanki ya zo yana dogara sanda. Bai ɗaga kai ya dubi bakan gizon da nake ta jira ya yaba ba. Ya shiga lungun, ya tsaya a kwana ta biyu, ya ce, "Mi zai bi ta nan?"

Na ce, "Mutane mana, Baba."

Ya ce, "A tsaye ko a kwance?"

Na yi dariya, na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Shi kuma mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya juya ya tafi, ni na koma kan sorona ina gyara zanko.

Gini ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Mutane suka riƙa zuwa kallo, ni ina tafiya a gari kamar ni na gina hasumiyar Gobarau. Aka yi damina biyu ko uku, sai Allah Ya yi wa mahaifiyar Alhaji Sada rasuwa da hantsi. Aka sa jana'iza bayan azahar. Da aka zo shigar da makara cikin gida, ba kowa a kanta, sai aka karkata ta gefe ta wuce, ba wanda ya kawo komai a ransa. Da aka ɗora tsohuwa aka taho fitowa, makara ta zo kwana ta biyu ta tsaya. A yi gaba bango, a yi baya bango. Ba damar karkatawa, ba damar miƙewa da ita tsaye. A waje jama'a sun yi sahu cikin rana, liman na jira, a ciki mata na kuka. Wani ya ce a ɗaga ta a tsallakar da ita ta kan katanga. Alhaji Sada ya ce uwarsa ba za ta bar gidanta ta kan katanga kamar kayan sata ba.

Ina cikin sahun nan aka zo aka taɓa kafaɗata. Na shiga, aka miƙo mini diga. Da hannuna na fasa kusurwar bangon da nake alfahari da shi, ƙasa na zubowa kusa da tabarmar da aka lulluɓe baiwar Allah, masu ɗauke da ita suna kare ta da rigunansu. Da hanya ta buɗe aka wuce da ita, Alhaji Sada ya dube ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Sannu da aiki, magini." Ummi, na tsufa yanzu, amma har yau in na tuna wannan sannun sai kunya ta rufe ni.

To ki saurara, don nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko wauta, kuma shi kike shirin maimaitawa. Na rantse na bar gini. Na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na kama 'yar rumfa a kasuwa ina sayar da ƙusa da igiya da shebur. Kin san me ya faru? Mutum zai ce in ba shi ƙusa doguwa, in ƙulle masa gajera, saboda idona na kan rufin layin rumfunan ina tunanin yadda za a haɗe su da inuwa guda. Kan da na gudu dominsa ya riga ni isa kasuwa. Wata rana kakanki ya zo ya zauna a bencina, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai dai kunya ka ji, ba ka koyi komi ba tukun. Mai jin kunya shi ka ɓoyewa, wanda ya koya kau komawa yakai." Washegari na rufe rumfa na koma na gyara wa Alhaji Sada lungunsa. Don haka in kin dawo kin kama alli, wannan kan ne dai zai shiga aji tare da ke, ya yi wa yara bayanin duniya ya manta da kiran suna. Gara ki tsaya inda aka horar da ke ki hore shi.

Yanzu ga abin da na gano, kuma ban same shi a rana ɗaya ba. Da farko na yi ƙoƙarin zama wani mutum daban, irin masu ƙirga kowane tubali. Ban iya ba, kaina ya riƙa ciwo, hankalina ya riƙa sulalewa. Sai na lura cewa baiwar da Allah Ya ba irinmu ita ce muna ganin abin da bai wanzu ba tukuna. Muna tsaye a fili muna ganin gida. To matsalar ita ce gidan da muke gani ba kowa a cikinsa. Tambayar kakanki ta koya mini in zuba masa mutane. Tun daga lokacin, kafin in aza tubali ɗaya, sai in tsaya in tura jama'a cikin ginin da ke kaina, ɗaya bayan ɗaya, in bi su a baya. In tura tsohuwa da buta a hannu, gwiwarta na ciwo, in ga ko dokin ƙofa zai kayar da ita. In tura 'yan kai amarya da gado da kabad. In tura ragon layya yana turjiya, mutum biyu na jansa. In tura ruwan sama tun daga kan soro in bi shi har sai ya fita kwata. Ƙarshe in tura makara. Duk inda ɗayansu ya tsaya, nan aikina yake.

Ke asibiti za ki tsaya a kai, mutanenki sun fi nawa yawa. Ki tura mace mai naƙuda, kuma ki tuna ba ita kaɗai take shigowa ba, mutum biyu na riƙe da ita hagu da dama, ƙofar ta ukunsu ce. Ki tura gadon marar lafiya mai taya ki ga ko zai sha kwana. Ki tura mai shara da bokitin ruwan datti, ki tambaye ta ina za ta zubar. Ki tura mai jinya da ya kwana uku a wurin, ina zai yi alwala, ina zai shanya zane. Wannan duk hasashe ne, abin da kika fi kowa iyawa, sai dai kin sauko da shi daga sama kin sa masa takalmi. Za ki ga ƙananan abubuwan da ke gundurar ki sun daina zama lambobi a kan kwamfuta, sun zama mutanen da kike jin tausayinsu.

Kada ki ɗauka daga nan na warke. Na ƙara yin wata wautar bayan na yi aure, har an haifi yayanki. Na rufe wa wani malami soro a cikin gari, na hau na duba indararo, na sauko na ce komai daidai. Na duba kam, amma da ido kawai, zuciyata tana kan wani masallaci da aka yi mini alkawarin ginawa. Ashe indararo ɗaya ya gaza tsawo, ruwa na bin jikin bango yana cin gindinsa a hankali. Kafin damina ta fita bango ya tsage, Allah Ya taimaka an gani da wuri. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Daga ranar na daina yarda da idona, don idon irinmu maƙaryaci ne, abin da muka yi niyya yake nuna mana, ba abin da muka yi ba. Hannu kuwa ba ya ƙarya. Kowace ƙofa sai na buɗe ta na rufe da kaina. Kowane daɓe sai na ɗauki buta na tsiyaya ruwa na tsuguna na ga inda ya nufa. Da kin yi haka a gidan Lami tun siminti bai bushe ba, da buta ɗaya ta gaya miki abin da damina ta zo ta faɗa a gaban kowa.

Na san za a yi miki dariya. Birkiloli da leburori za su ga injiniya mace ta tsuguna da buta, wani zai ce, "Hajiya, ai haka ake yi, mun saba." Ki yi murmushi ki ce masa kin yarda, sannan ki zuba ruwanki. Dariyarsu ta yini ɗaya ce. Kuma kada ki duba aiki a ranar da kika gama shi, lokacin idonki na cike da kyansa. Ki bari ki kwana, ki dawo da safe kamar aikin wata ce da ba ki cika so ba. In kin zo dubawa, ki fara da wurin da ranki ba ya so, banɗaki da kwata da bayan gini inda ba mai ɗaukar hoto. Gaban gini ba ya buƙatar ki tuna da shi, da kansa zai ja ki. Kanawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma ko da yake ba na son ba Bakano gaskiya, a nan ya faɗe ta.

Akwai kuma wani hali nawa da nake so ki guje masa, shi ne jin haushin masu ƙananan tambayoyi. Lokacin da na gina wa mahaifiyarki kicin, ina tsaye ina yi mata bayanin yadda hayaƙi zai fita ta sama, sai ta katse ni ta ce, "Malam, wagga kantar da ka yi, da tsani zan riƙa ɗauko tukunya?" Na auna tsayin kantar da tsayina, na manta wadda za ta yi girkin ba ta kai kafaɗata ba. Na yi fushi na ce ita dai ba ta ganin abin kirki sai aibu. Na yi kwanaki ina kumbure-kumbure, sannan na sauke kantar ba tare da na ce komai ba, ita ma ba ta ce ba, sai dai miyar ranar ta fi kullum nama. A wurin aikinki za ki haɗu da irinta, wanda kina maganar iska da haske zai tambaye ki ina makunnin fitila zai zauna. Ranki zai sosu, za ki ji kamar ya raina tunaninki. Ki riƙe shi da kyau. Ki kai masa zanenki da kanki ki ce ya nemo miki aibu. Irinmu ba ma ƙarasa aiki sai da irinsu, su ma ba su da abin dubawa sai mun hango.

Don kada ki yi zaton ina so ki kashe wancan kan naki, bari in gaya miki abin da ba ki tsaya kin ji ba. Bayan ta gama mitar buhun garinta, Lami da bakinta ta ce tun da take ba ta taɓa girki a wurin da zafi bai dame ta ba sai a kicin ɗin nan, saboda tagogin da kika sa suna jan iska. Ba kowa ke iya hango hanyar iska a fili ba. Karkatar daɓe kuwa ana koyonta, ni shaida ne, kuma na fi ki taurin kai lokacin da na koya. Abin da ba a koyo Allah Ya riga Ya ba ki. Sauran aiki ne na kullum, mai gundura, kamar wankin kwanuka, kuma ba ranar da za ki ce kin gama. Ni da furfurata har yanzu in na shagala kaina sama yake yi, sai na kamo shi na dawo da shi.

Za ki sake yin kuskure a Kaduna, wannan ba na shakka. In ya faru, ki faɗa da bakinki kafin a gano, ki tsaya a gyara a gabanki, ki tambayi kanki wane ne ban tura cikin ginin nan ba. Kada ki shige ɗaki ki rufe ƙofa. Gidan nan naki ne, duk ranar da kika yi sallama da murna za a amsa, in ciwo ne ko an wulaƙanta ki ni da kaina zan zo in ɗauko ki. Amma dawowar gudu ban yarda da ita ba, kuma na riga na yi abin da zai hana ni ja da baya.

Shekaranjiya bayan la'asar dattawan unguwa suka same ni a ƙofar gida. Ajujuwan Islamiyyarmu sun tsufa, azara ta fara ruɓewa, suna so a rushe a sake. Suka ce ni suke so in tsaya a kai. Na ce masu gwiwoyina sun daina hawa, idona ma ya rage, amma su jira damina ta wuce, Ummi za ta zo hutu ta zana, ita kuma za ta tsaya a kan aikin har a rufa. Suka dubi juna. Mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Malam, ba mu ƙi ba, ɗiyarmu ce. Amma yara ne fa za su zauna ƙarƙashin rufin nan. Ka amince?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yan yayanta uku suna makarantar nan. Jikokina zan sa a ƙarƙashinsa."

Daga nan aka shafa fatiha. To kin ji. Ban taɓa ba da kalmata a unguwar nan na janye ba, kuma ban ba da ita a kanki don tausayi ba. Na ba da ita don na san abin da za ki zama in kin tsaya. Ki je ki koyo, muna jiran ki bayan damina.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Allah Ya kiyaye ki a hanya da masauki da kan gini, Ya tsare ƙafarki daga zamewa da hannunki daga cutar da kowa. Ya sa duk wanda ya shiga ginin da kika tsaya a kai ya fito lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki gaishe da kawunki da mutanen gidansa. Mahaifiyarki na sa miki albarka, Gwaggonki Lami ma ta ce in gaishe ki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.